Ranar da Iya Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta fuskar ungozomar da ta karɓi haihuwata ta fari, na manta shekarar da ƙanena ya yi aure, wani lokaci ma sai in yi ta cigiyar goro alhali yana ƙulle a bakin zanena. Amma ranar da surukata ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari a tsakar gida, a Sabon Garin Zariya, wannan kam sai dai in ƙasa ta rufe idona. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a sa sunan kowa. Ba tsoro ba ne, waɗanda zan ji tsoronsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi dai mijina ne, ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa da furfurata zan fara ba.

Lokacin muna zaune a wasu 'yan gidajen manoma a gefen rafi, nan inda yanzu ake kira Samaru. Ba a ma raɗa wa wurin wannan suna ba tukuna. Inda yau 'yan makaranta ke kai da kawowa da littattafai a hammata, suna cakuɗa Hausa da Turanci, a da gonakin dawa ne da itatuwan kuka da ɗorawa. Ni ina amarya, ko shekara biyu ban rufa ba. Mijina dogo ne mai yawan dariya, yana da bille a kuncin hagu, da tabon agana guda ɗaya tak a ƙarƙashin billen, kamar an ɗiga masa da tsinke. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Iya. Ta haifi wasu bayansa, duk suka koma tun suna ƙanana. Sai ya zamo shi ne na farinta, shi kaɗai ne kuma ya rage mata.

Yaran yanzu da ke cilla ɗan fari sama suna cafewa a gaban surukai ba za su gane abin da zan faɗa ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama ta yi hira da shi. Ana yaye shi kaka za ta ɗauke. In ya yi ciwo uwa ta kau da kai, in ya yi abin kirki ta yi kamar ba ta gani ba. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, da ita ake auna tarbiyyar mace. Iya kuwa in ana neman mai kunya, an zo gida. "Wancan" take ce masa. In ta kankare ƙanzon tuwo, wanda ta san ransa ne, sai ta turo mini kwanon tana kallon wani wuri, ta ce, "Ke, kawar mini da wannan. Ki ba wancan in yana so, kada a yi asara." Shi kuma ya karɓa yana ƙunshe dariya. Maginiyar tukwane ce a da, tulunanta har cikin birni ake nema, amma da bayanta ya fara ciwo sai ɗan nata ya hana ta, ya ce ai ya isa ya ci da ita.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Zariya, aka kuma shiga jan wani layin zuwa ƙasar duwatsu inda ake haƙar kuza. Aikin diga ake ce masa, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. Mai unguwa ya zagayo, kowane gida a ba da namiji. Mu kuwa namijinmu ɗaya ne. Ranar da zai tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Iya, zan wuce." Ta ce, "To, Allah ya tsare," ba ta ko ɗaga labule ba. Ni na raka shi har bakin rafi ina sharɓar kuka. Da na dawo na tarar tana tankaɗe garin da na riga na tankaɗe tun da safe.

Bai dawo ba. Wani ɗan maƙwabtanmu da aka kwashe su tare, shi ya dawo da hular mijina a hannu, ya ce zazzaɓi ne da gudawa, an binne shi a gefen layin, shi kansa ba zai iya nuna wurin ba yanzu. Da ya tsaya nan da ya kyauta. Amma bakinsa ya suɓuce ya ƙara da cewa har ransa ya fita ruwa yake nema, ruwan kuwa yana da nisa. Iya tana daka lokacin. Ta tsayar da taɓarya, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ci gaba da dakanta.

Ni na faɗi na yi ta birgima, ba wanda ya ga laifina, matarsa ce. Aka sa ni takaba, aka yi ta rarrashina. Ita kuwa Iya ita ce mai shimfiɗa wa 'yan gaisuwa tabarma, mai miƙa musu ruwa. Mata suka yi ta yaba ta. A gaba-gaba akwai Gwaggo, yayar mahaifin mijina, tsohuwar da ba a suna ko biki a danginmu sai ta ce an yi daidai. Ta riƙa nuna Iya da baki tana cewa, "Kun ga 'yar halak! Ko gezau. Haka muka taras ana yi." Na ji wannan yabo da kunnena ya fi a ƙirga. Ashe da yabon nan suke tura ta rami.

Da farko gishiri ta fara mantawa a miya. Daga nan ta daina miyar. Ta daina kitso, ta daina tankawa in an gaishe ta, ta koma zama tana fuskantar bango. In na kai mata tuwo da rana, haka zan ɗauke shi da yamma, ƙudaje sun gaji da shi. Idanun nan kuwa a bushe ƙamas.

Ganin ba namiji a gidan, yayanta ya zo ya kwashe mu zuwa Sabon Gari. Kawu muke ce masa. Yana sayen auduga yana kai wa kantunan Turawa, hannunsa ya fara kauri, har ya gina gida mai zaure. Sabon Gari lokacin sabo ne da gaske, an tara Yarbawa da Nupawa da mutanen bakin teku masu wani irin Turanci a karye, ga masu dako, ga kukan jirgi. Mutanen birni suna ganin duk wanda ya zauna can ya watsar da tarbiyya, abin nan kuwa yana cin Kawu. Kullum maganarsa ɗaya ce, kada a ce don mun zo Sabon Gari mun zubar da mutunci. Ba mugu ba ne, gara in faɗi gaskiya. Mutum ne dai wanda bakin mutane ya fi masa ran ƙanwarsa nauyi.

A can ciwon Iya ya sake salo. Sai ta cika ƙwarya da ruwa ta saɗaɗa ta fice, ba takalmi ba mayafi, ta nufi tasha. Can za a same ta tana bin taragai tana leƙa ƙarƙashinsu, ruwan yana zuba a jikinta. Masu dako suna dariya, wasu suna ce mata, "Iya, kawo mu sha mana." Ba ta ba kowa. Kawu ya sa aka yi rubutu, aka yi turare, aka kawo sassaƙe-sassaƙe, duk a banza. Akwai wata Bayarabiya mai tuyar ƙosai a jikin katangarmu, ita ce kaɗai ta faɗi gaskiya, da irin Hausarta. Ta ce wa matan gidan, "Wannan mama ba mahaukaci ba ne. Kuka ya cika cikinsa. Ku bari shi yi kuka mana!" Suka kwashe da dariya, suna kwaikwayon bakinta. Ana haka Kawu ya fara zancen turu. Wanda bai sani ba, turu gungumen itace ne da ake hudawa, a zura ƙafar mahaukaci a kulle, ya zauna nan har Allah ya yi ikonsa.

Da na fita takaba, iyayena suka aiko in koma gida. Na roƙi a ɗan ƙara mini lokaci. Ana nan Kawu ya ce in je tsohon gidanmu in kwaso sauran tarkace kafin gara ta cinye. Ba mai yarda ya yi gadin Iya, dole na tafi da ita. Ƙarshen damina ne. Muka bi ta wajen Palladan, ina gaba tana biye kamar akuyar da aka ja da igiya. Da muka zo tsallaka rafinmu, a daidai kwarin da masu gini ke haƙar yumɓu, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a cikin laka. Na juyo in ɗaga ta, sai na ga hannunta ya nutse a yumɓun har wuyan hannu, yatsun suna motsi. Ta damƙo, ta murza, ta kai hanci ta shinshina, ta tsince wata tsakuwa ta yar. Na ce, "Iya, tashi mu je, rana tana yi." Sai na ji muryar da na yi watanni ban ji ba. Ta ce, "Wannan na sama ne, bai da kyau. Tona ƙasa-ƙasa, inda ya fi duhu."

Na durƙusa na hau tono da hannu. Ranar ko tsinke ban kwaso daga gidan ba. Kwandon da na zo da shi yumɓu muka cika, muka yi gammo, muka riƙa karɓa-karɓa har Sabon Gari. Kawu ya yi faɗa, amma da ya ga ta wanke hannu ta ci tuwo loma biyu-uku a gabansa, sai ya shige zaure.

A bayan ɗakinmu akwai wata 'yar rumfa, nan ta kafa aiki. Ta jiƙa yumɓun, ta sa ni na daka tsingaro ta haɗa, ta taka da ƙafa har ya yi laushi. Ba tukunya ta gina ba, ba kasko ba. Tulu ta gina, da ta gama ta fara wani, duk abin zuba ruwa. Tana ɗora yumɓu tana zagayawa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana kankarewa da sakaina. In ya sha iska ta shafa masa jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka da ta shirya a zare har ya riƙa ƙyalli. Wuyan kuma ta yi masa ado da igiya murɗaɗɗiya da bakin tsinke, layi bisa layi, wani kamar sawun kaza wani kamar kunyar gona. Ban taɓa ganin tuluna masu kyan waɗannan ba, kuma na ga tuluna a rayuwata.

Ina kawo mata ruwa wata rana da hantsi sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Da tulun take yi. Cewa take, "Kai ma dai, ka cika garaje. Tsaya mana in gyara maka." Na matso, sai na ga ta ɗauki tsinke ta ja layi ɗaya a karkace a kafaɗar tulun ta hagu, ta ɗiga ɗigo guda a ƙarƙashinsa. Na ajiye ƙwaryar hannuna. Na duba sauran da ke jere, kowanne da billensa, kowanne da tabonsa. Ta ɗago ta gan ni, ta san na gane. Ta sa tafin hannu tana shafa wurin a hankali, ta ce, "Tun da aka yaye shi ban taɓa fuskarsa ba, 'yar nan. Ko da agana ta kama shi, kakarsa ce ta yi jinya. Ni ina bayan danga ina jin kukansa." Sai ga hawaye, shar-shar, suna sauka a kan ɗanyen yumɓun, tana bi tana shafe su a jikinsa. Ta ce, "Kada ki kula, gumi ne." Na ce, "Na sani, Iya, ana zafi." Muka zauna mu biyu muka yi ta guminmu har azahar.

Daga ranar Iya ta fara dawowa. Ta daina zuwa tasha. Tana barci, tana sallarta a kan lokaci, ta ce in yi mata kitso. Ranar da ta ɗanɗana miyata ta yatsine fuska ta ce, "Ke wai gishirin gidan nan na gado ne da kike tausaya masa?" sai da na shiga ɗaki na yi hamdala. Har tsokanar Bayarabiyar nan take yi ta kan katanga. Ta ce in an gasa tulunan za ta jera su a bakin hanyar tasha, ta riƙa cika su, duk mai ƙishi ya sha. Muka tara ciyawa da itace, aka sa ranar gashi.

Ana gobe gashi Gwaggo ta zo daga birni duba mai jiki. Ta tarar da Iya fes, ta yi ta godiya ga Allah da malamin da ya yi rubutu. Sai tsautsayi ya ja ta bayan ɗaki. Ta tsaya kan tulunan tana yabawa, tana ɗaga wannan tana ajiye wancan. Can na ga ta ƙura ido, ta sa yatsa ta bi layin nan, ta dire a kan ɗigon. Ita ta riƙe shi ranar da wanzami ya yi masa billen, ina za ta kasa ganewa? Ta saki salati da ƙarfi, ta ce, "Me zan gani? Fuskar yaron nan ce kika bi kika zana a jikin tukwane? Kuma a bakin hanya za ki jera, duk Sabon Gari su ga kina makokin ɗan fari? Ashe kunyar taki ta ganin ido ce!"

Matan gida suka taru, maƙwabta suka leƙo. Kawu ya shigo daga zaure da baƙinsa biyu a bayansa, abokan cinikinsa. Gwaggo ta ɗaga tulu ta nuna masa, tana ƙara gishiri, wai yau fuska ce gobe sai gunki, wai za a yi da mu a birni har jikoki. Na ga fuskar Kawu ta canza, ba don tulun ba, don baƙin da ke tsaye. Na durƙusa na ce, "Kawu, don girman Allah ka bari. Wannan ne ya tashe ta." Ya ce, "Ke rufe mini baki, da ke ake magana?" Ya fizgi taɓarya a jikin turmi.

Tulun da ba a gasa ba ba ya ƙara in an fasa shi. Wani ɗan sauti yake yi, buf, ya zube. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Iya tana tsaye, hannunta duk jar ƙasa, tana kallo har ya zo kan na ƙarshe, wanda ta fara ginawa. Ta yi tsalle ta rungume shi, taɓaryar ta riga ta sauka, ya ruguje a ƙirjinta. Sai ta ɗaga kai sama ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da muryar da aka ji har bakin titi. Ta sake kira, ta ce, "Ɗana! Sun hana ka ruwa, sun hana ni kai!" Ta fashe da kuka irin wanda ya kamata a bar ta ta yi tun ranar da aka kawo hula.

Mata suka toshe baki. Ba fasa tulunan ne ya girgiza su ba, wannan ba wanda ya ga aibunsa. Sunan ne. Gwaggo ta ja da baya tana cewa, "Shi ke nan, ta tafi. Mai hankali ba ta yin haka." Kowa ya gyaɗa kai. A wurinsu ba wata shaidar hauka da ta wuce uwa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a. Lokacin da take bin taragai da ƙwarya an yi mata uzuri, an ce jinya ce. Ranar da ta fi kowace rana hankali, ranar da ta san abin da ta rasa har ta faɗe shi da bakinta, ranar aka yanke cewa ta haukace. Kafin la'asar an kai ta gidan wani mai magani a bayan gari, an zura ƙafarta ta dama a turu.

Na je washegari na same ta a wata bukka mai warin fitsari, ta koma fuskantar bango. Abincin da aka ajiye mata yana nan yadda yake. Na yi magana, ba ta tanka ba. Na fito ina jin kamar in cinna wa gidan Kawu wuta. Da na koma, Bayarabiyar nan ta yafito ni. Ashe da aka share ɓaraguzan tulunan aka watsar a bola, ita ta bi ta kwashe a kwando. Ta ce, "Wuta bai taɓa shi ba. Sa ruwa, zai tashi." Haka ne kuwa, yumɓun da bai shiga wuta ba, ko ya farfashe, in an jiƙa shi sabo yake komawa.

Na jiƙa, na cuɗa, na dunƙula kamar fura, na jera a ƙasan ƙwarya, na ɗora furar gaske a sama. Haka na riƙa wucewa da shi ta gaban mai magani, yana ce mini, "Sannu da ƙoƙari, 'yar albarka." Ranar farko na sa mata dunƙulen a tafin hannu, ta daɗe ba ta motsa ba, sannan yatsun suka fara. Da ƙafa a cikin gungume ta riƙa gina 'yan ƙananan tuluna kamar na wasan yara, in ta ji tafiya ta murƙushe ta tura ƙarƙashin tabarma. Ta gina, ta rushe, ta sake ginawa. A hankali ta koma cin abinci, ta koma amsa gaisuwa. Mai magani ya riƙa kawo mutane suna leƙenta, yana bugun ƙirji da ƙarfin turarensa. Na bar shi da bugun ƙirjinsa, ni dai a buɗe mata ƙafa.

Sai da aka gama girbi, aka kai dawa rumbu, sannan aka sake ta. Gungumen ya ci idon sawunta, har ta mutu tana jan ƙafar nan. Kawu ya yarda ta ci gaba da gini, tunda mai magani ya ce ta warke, amma da sharaɗi, ba zane a jikin komai. Ta ce, "To, Yaya." Ba ta ƙara kiran sunan ba, ba ta ƙara kuka a gaban kowa ba. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, kunyarta ta dawo.

Tulunan da ta riƙa yi bayan nan sumul suke, ba ado ko ɗaya, kamar an aske su. Na ji haushin wannan ƙwarai, har na ce a raina sun gama da ita. Sai ranar da aka kwashe gashin farko, ta miƙo mini ɗaya ta ce in ɗauraye. Na zura hannu ciki ina cuɗawa, sai yatsana ya faɗa wani ɗan kwari a ƙarƙashin wuya, ta hagu, inda ido ba ya kaiwa. Layi ɗaya a karkace, da ɗigo a ƙasansa. Na ɗago na dube ta. Ta kau da kai kamar yadda take yi in ta turo ƙanzo, ta ce, "Ki wanke da kyau."

Ta jera tulunanta a bakin hanyar tasha kamar yadda ta yi niyya, tana jan ƙafa tana cika su, masu dako da fasinja suna sha. Ta yi shekaru a haka da hankalinta garau. Ni na koma gidanmu, na sake aure, na hayayyafa, amma a hannunta na koyi gini, da shi na ci abinci har ƙarfina ya ƙare. Randar da ke zauren Kawu ma ita ta gina masa, daga ita ya sha ruwa har ya koma ga Allah. Bai taɓa sani ba, don bai taɓa wanke randa ba.

Kwanan baya na ga 'yan makaranta a rafin nan namu suna ɗibar yumɓu, maza da mata, aka ce mini wai karatu ne, har takardar shaida ake ba su. Na yi dariya, sannan na ji ƙwalla. Abin da aka sa wa Iya ƙafa a turu saboda shi ke nan. Ban yafe wa Gwaggo ba, ban yafe wa Kawu ba, na gwada ban iya ba, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, in ka ga wanda aka yi wa mutuwa bai yi kuka ba, kada ka yaba masa, ka ji tsoro. In kuma ka ga mai baƙin ciki ya kama wani abu da hannunsa, gini ne, saƙa ce, zane ne, ko waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, to ka bar shi, ko ba ka gane ba. Abin da baki ya kasa faɗa ne hannu yake fitarwa, in ka tare nan ma, ka kashe shi da ransa. Ni da na yi ɗan fari, a gaban mutane na yi masa kunyar da aka saba, ba zan yi ƙarya ba. Amma a ɗaki na taɓa fuskarsa har na gaji.

Tulu ɗaya ya rage mini na Iya, bakinsa ya ɓalgace, ba ya riƙe ruwa. Jikokina sun sha cewa in yar da shi. Yana nan a ƙarƙashin gadona. In abin ya taso mini, sai in jawo shi in zura hannu.